Haɗin gashi na gida: tsawo yana zuwa ne daga hana karyewa

Gashin kan mutum yana tsirowa da kusan santimita 1 a wata, kuma babu wani mai ko gari na gida da aka tabbatar yana ninka wannan saurin. To me ya sa gashin wata yake sauka har gadon baya, na wata kuwa shekara da shekaru bai wuce wuya ba? Galibi matsalar tana bakin gashin ne: yana fitowa, amma yana kakkaryewa kafin ya yi tsawo.

Silin gashi ba shi da rai, furotin ne da ake kira keratin. Tushen da ke cikin fatar kai shi ne mai rai. Da yake gashinmu mai nannaɗewa ne, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya gangarowa har ƙarshensa, sai ya bushe, musamman da hunturu, ya riƙa tsinkewa a bakin mataji. Matan Larabawan Basara na Chadi, waɗanda suka shahara da dogon gashi, sun daɗe da gane haka: garin cebe da suke cuɗawa da mai a jikin gashin suke shafa shi, sannan su kitse.

Kayan haɗi mai kyau duk suna kasuwa. A jiƙa busasshen karkashi cokali 2 a ruwan ɗumi kofi 1 har yauƙinsa ya fito, a tace da kyalle mai tsabta. A sa man kaɗanya cokali 2 a ƙaramin kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi ya narke a hankali, a zuba man kwakwa cokali 1 da zuma cokali 1, a buga da ruwan karkashin har su haɗe. Bayan tsefe kai, a raba gashin gida huɗu, a shafa daga baki zuwa sama, a rufe da hular leda na minti 30, a wanke da ruwan ɗumi. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma kada a ajiye ragowar, domin haɗin da ruwa ya shiga saurin lalacewa yake.

Kowanne da aikinsa. Santsin karkashi yana warware cuɗewa ba tare da fizga ba, zuma tana riƙe danshi, man kaɗanya kuma yana rufe shi. Shi kuwa man kwakwa, wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna yana ratsa silin gashi ya rage asarar furotin, abin da man sunfulawa bai yi ba.

Sai dai haɗin yana da iyaka. Kitso mai tsauri yana cinye gashin gaban goshi, in aka daɗe ana yi ma tushen ya mutu. Baƙin lallen da ake zuba wa sinadarin PPD yana iya ƙona fata. Zubewar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, haka ma zubewar da mai jego take gani watanni kaɗan bayan haihuwa, wadda kan daina da kanta. Amma makero, ko sanƙo wuri-wuri, ko zubewar da ke tafe da kasala da ƙarancin jini, aikin likita ne. Tushen gashi kuwa daga jini yake samun abincinsa, don haka wake, ƙwai, kifi, hanta da zogale su riƙa shiga tukunya.