Sandar Golf ta Gwanaye: Me Ake Saye da Tsadar Nan?

Haɗuwar sandar golf da ƙwallo ba ta wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido guda ma ta fi ta tsawo sau 200 ko fiye. Amma a kan wannan ɗan lokaci ne kamfanoni a Amurka da Japan suke zuba maƙudan kuɗi wajen bincike, kuma saboda shi ne ƙwararren ɗan wasa yake biyan abin da ya haura dala 1,000 domin ya mallaki jerin sanduna bakwai ko takwas masu kan ƙarfe. Masu talla suna cewa sandarsu ta fi taushi, ta fi kai ƙwallo nesa, ta fi yafe kuskure. Wasu daga cikin maganganun nan gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa wayo ne kawai, kuma ɗalibin da ya riƙe darasinsa na fizis da kimiyyar halittu yana iya rarrabe su.

A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ana bugun ƙwallo da nauyinsa bai wuce giram 45.93 ba, har a jefa shi a rami mai faɗin milimita 108, a yi haka a ramuka 18. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14. Masu kan ƙarfen nan, waɗanda ake lambatawa daga 3 ko 4 zuwa 9, su ne na bugun da ake so ya sauke ƙwallo a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia da ke birnin New York ya yi nazarin ɗimbin bugun da aka auna a manyan gasannin Amurka, ya kuma wallafa sakamakon a shekarar 2014. Ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na fifikon da zakaru suke da shi a kan sauran ƙwararru daga irin wannan bugu yake fitowa. Gangara ƙwallo cikin rami, wanda 'yan kallo suka fi yi wa tafi, kashi 15 ne kacal. Wato ke nan, a sandunan nan ake cin gasa, a cikinsu kuma ake faɗuwa.

Lamba 7 da ba lamba 7 ba

Fuskar kowace sanda a kishingiɗe take, kuma yawan kishingiɗar shi ke sa ƙwallo ya tashi sama. Tsakanin wata lamba da mai bi mata akwai bambancin kamar digiri 4, ƙotar tana raguwa da rabin inci, kan kuma yana ƙaruwa da kamar giram 7. Sakamakon haka shi ne kowace sanda ta kan bar ta gaba da ita da tazarar kimanin mita 10.

A nan ne wayon farko yake. Babu dokar da ta ƙayyade digirin da za a ba kowace lamba. Lamba 7 ta gwanaye a yau tana da kamar digiri 34, amma akwai sandunan da aka yi wa masu koyo waɗanda aka buga wa lamba 7 alhali digirinsu bai kai 30 ba. Mai saye zai buga ya ga ƙwallo ya ƙara mita 15, ya yi murna, bai san lamba 6 ko 5 ce aka sake wa suna ba. Ƙwararre bai damu da wannan nisa ba. Abin da yake nema shi ne idan ya nufi mita 155, ƙwallo ya sauka a mita 155, yau da gobe da jibi, ya kuma tsaya inda ya sauka.

Tsayawar nan kuwa aikin juyin ƙwallo ne. Kishingiɗaɗɗiyar fuska tana sa ƙwallo ya tashi yana wulwulawa baya-baya. Alƙaluman da aka tattara daga manyan gasannin Amurka sun nuna cewa da lamba 7 ƙwallo yana barin sanda da gudun kimanin kilomita 190 a awa, yana juyi kusan sau 7,000 a minti, ya kuma faɗo a tsaye sosai, da kusurwar kusan digiri 50. Juyin yana karkatar da iskar da ke ratsa ƙwallon zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayanin wannan ƙarfi a shekarar 1852, sa'an nan Peter Guthrie Tait na Jami'ar Edinbara ya nuna yadda yake aiki a kan ƙwallon golf a shekarun 1890. Sandar da ta rage juyi tana ƙara nisa, amma ƙwallonta ya kan sauka ya yi ta gangara har ya wuce rami.

Ina aka ajiye nauyi?

Kan lamba 7 yana da nauyin kamar giram 270, ko wane kamfani ya yi shi. Bambancin yana wajen yadda aka rarraba nauyin. Tsohuwar ƙira ita ce mai cikakken baya, inda ƙarfen ya taru a bayan wurin da ƙwallo ke bugu. Ɗaya ƙirar ita ce mai ramin baya, inda aka kwashe ƙarfen tsakiya aka mai da shi gefuna. Wanda ya yi fice wajen yaɗa ta shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norwe, wanda ya kafa kamfanin Ping a garejin gidansa a Kalifoniya cikin shekarar 1959. Sandarsa mai suna Eye2, da ta fito a 1982, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a tarihin wasan.

Dalilin yana da sauƙin gwadawa a aji. A ɗaure batura biyu a tsakiyar rula, a riƙe ta a tsakiya a juya ta hagu da dama. Sa'an nan a mai da baturan bakin rular, ɗaya nan ɗaya can, a sake juyawa. Nauyi bai canza ba, amma rular ta ƙara turjiya. Ɗan garuwa ma ya san wannan, domin da garewani biyu a bakin sandarsa ba ya iya waiwayawa da sauri. Idan ƙwallo ya bugi fuskar sanda a gefe, ba daidai cibiyar nauyi ba, kan ya kan murɗe, wani ɓangare na ƙarfin bugun ya tafi a banza. Kai mai nauyi a gefuna yana ƙin murɗewa, saboda haka asarar nisan ba ta da yawa. Wannan shi ne abin da masu talla suke kira yafe kuskure, kuma a nan gaskiya suka faɗa. A yau ana ƙara cusa ƙarfen tangistin a gefuna, saboda santimita ɗaya murabba'i ta ko'ina nasa tana da nauyin giram 19.3, alhali ta baƙin ƙarfe ba ta kai giram 8 ba.

To, me ya sa wasu gwanaye har yanzu suke manne wa mai cikakken baya? An sha cewa wai ita kaɗai ke iya lanƙwasa ƙwallo hagu ko dama. Wannan magana ba ta da ƙarfi sosai, domin lanƙwasa tana zuwa ne daga bambancin inda fuska ta kalla da inda sanda ta nufa, kuma kowace sanda tana iya yin haka. Dalilan da suka fi inganci su ne waɗannan: ƙasanta siriri ne, yana yanka ciyawa ba tare da ya yi tsalle ba, cibiyar nauyinta tana ɗan sama, abin da ke taimaka wa mai son ƙwallo ya bi ƙasa-ƙasa idan ana iska, kuma fuskarta mai kauri ce, ba ta lotsawa ta ɗame kamar siraran fuskokin da ake yi wa sanduna masu hoho a ciki. Duk da haka, da yawa daga cikin manyan 'yan wasan duniya gauraya suke yi: masu ramin baya a lamba 4 da 5, inda kuskure ya fi yawa, masu cikakken baya a lamba 8 da 9.

Ƙira ko zubi?

Hanyoyi biyu ake bi wajen yin kan sanda, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Ta farko ƙira ce irin ta maƙera: a gasa guntun ƙarfe ya yi ja, a matse shi da babbar guduma ta inji a cikin ma'auni. Kamfanin Mizuno yana ƙera nasa a yankin Hiroshima tun 1968, akasari da ƙarfe mai ɗauke da kabon kashi ɗaya cikin 400. Ta biyu zubi ne: a yi siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe marar tsatsa a gurbinsa. Da irin wannan dabara ce masu zubin tagulla na Ife da Binin suka yi kawunan da duniya take mamaki. Zubi ya fi arha, kuma ya fi ba da damar siffa mai sarƙaƙiya.

'Yan wasa sukan rantse cewa ƙerarren kai ya fi taushi a hannu. Gaskiya ne ƙarfensa ya fi saurin karcewa da lanƙwasuwa, kuma wannan yana da amfani, domin mai gyara yana iya tanƙwara wuyansa digiri ɗaya ko biyu ya dace da tsayin mai shi. Amma a lokacin bugu, ƙarafan biyu kusan daidai suke wajen ƙin lotsawa. Ƙwallon ne ke lotsewa, ba ƙarfen ba. To, mene ne ɗan wasan yake ji?

Amsar tana jikin ɗan Adam. A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɓawo-ɓawo kamar albasa, waɗanda aka sa wa sunan Filippo Pacini, masanin Italiya da ya yi bayaninsu a shekarun 1830. Aikinsu jin jijjiga, kuma sun fi kaifi ga wadda ke kaɗawa kamar sau 250 a daƙiƙa. Bugun da ya kauce wa tsakiya yana murɗa ƙota, ƙwayoyin nan su kai rahoto. Sai dai saƙon yana bukatar kamar kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa kafin ya isa ƙwaƙwalwa, a lokacin kuwa ƙwallo ya riga ya yi nisan mita guda. Saboda haka abin da hannu ya ji ba zai taɓa gyara bugun da aka yi ba, sai dai na gaba. Ga mai atisaye wannan ba ƙaramin abu ba ne: sandar da ke ɓoye kuskure tana hana shi sanin ya yi kuskuren.

Har ila yau, kunne yana da babban rabo a cikin abin da ake ɗauka na hannu ne. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila, a farkon shekarun 2000, sun nuna cewa ƙarar bugu tana da alaƙa mai ƙarfi da yadda ƙwararru suke bayyana jin sanda. Ƙara mai kaifi sai su ce tauri, mai kauri su ce taushi. Ita kuwa ƙara ta fi dogara ga siffar kai da kaurinsa. Da yake yawancin ƙerarrun kawuna masu kauri ne, zubabbu kuma sirara, an daɗe ana yaba wa maƙeri abin da na mai zane ne.

Tsagar fuska

Tsage-tsagen da ke fuskar sanda aikinsu ɗaya da zanen tayar mota. A busasshen wuri ba su ƙara juyi sosai, amma idan ruwa ko ciyawa suka shiga tsakanin ƙarfe da ƙwallo, su ne magudanar da ke kwashe su. In babu su, ƙwallo ya kan sulɓe ya tafi ba juyi, ya zarce inda aka nufa. Sun taɓa jawo shari'a: a 1989 Solheim ya kai Hukumar Golf ta Amurka kotu bayan ta ce tsagar Eye2 sun cika kusa da juna, aka sasanta a 1990. Daga 1 ga Janairu 2010 kuma aka rage girman tsaga da kaifin bakinta a manyan gasanni, domin wanda ƙwallonsa ya faɗa doguwar ciyawa ya ɗanɗana kuɗarsa. Tun da doka ta ɗaure kowa a nan, da wuya wani kamfani ya tsere wa wani da tsaga.

Yadda ake gwaji

Tun a shekarun 1960 aka ƙera injin bugu da ake wa laƙabi da Iron Byron, wanda aka kwaikwayi bugun zakaran Amurka Byron Nelson wajen yin sa. Inji ba ya gajiya, ba ya son zuciya, kuma ana iya sa shi ya kauce wa tsakiya da santimita ɗaya daidai, sau ɗari, a ga nisan da kowace sanda ta yi asara. Daga baya na'urorin rada irin TrackMan, na wani kamfanin Danmak da aka kafa a 2003, suka ba da damar auna gudu da juyi da kusurwar saukar kowane bugu nan take.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba, sai an bi ƙa'idar gwaji. Mai kwatanta irin gero biyu ba ya shuka ɗaya a fadama ɗaya a jigawa. Haka nan dole ƙwallo ya zama iri ɗaya, ƙota iri ɗaya, digirin fuska iri ɗaya, a riƙa musanya sandunan don kada gajiya ta faɗa wa guda, in da hali ma a rufe sunan kamfanin. Kuskuren da aka fi yi a kantuna shi ne duban bugu mafi kyau. Abin dubawa shi ne bugu 15 ko 20 gaba ɗaya, da tazarar da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta. Sandar da ke kai mita 160 amma tana warwatsa ƙwallo cikin mita 14 ba ta kai wadda ke kai mita 152 cikin mita 6 ba.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar rada, wanda yake nuna ko ɗan wasa ya kai ga riƙe mai cikakken baya. A shafa farar hoda a fuskar sanda, a buga ƙwallo goma, a duba tabon da suka bari. Na babban gwani sukan taru a wuri guda da bai fi girman kwabo ba, shi ya sa tsofaffin sandunansu suke da wani ɗan da'ira a tsakiya inda ƙarfen ya cinye. Wanda nasa tabon suka bazu daga wuyan sanda zuwa bakinta, mai ramin baya ce za ta rage masa bugu, ko da kuwa ita ce mafi arha a kantin.