Kuɗin Kifi Tsakanin Bakin Ruwa da Kasuwa

Shirinmu na musamman na yau ya nufi yammacin Jihar Kano, ƙasar Karaye da Rogo, muna kuwa miƙa gaisuwa ga mutanen Jajaye da kewaye, da masunta, da fataken kifi, da iyayenmu mata masu suya a ƙofar gida. Mas'alar da za mu duba ita ce wadda ke damun kowane mai cefane: me ya sa kifin da aka sallama da araha a bakin ruwa da hantsi, kafin la'asar ya zama sai mai hali?

Tushen wannan sana'a a yankin, a irin girman da take da shi yau, shi ne madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wajen kilomita 90 daga birnin Kano, wadda gwamnatin jiha ta fara, ta tarayya ta karɓa, kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, yanzu kuma take hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An gina ta ne domin noman rani da ruwan sha, amma da yake ruwan da take iya tarawa ya haura mita kubik miliyan 900, sai Allah cikin hikimarsa ya sanya wani arzikin a ciki, watau karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, har su ya zama abin dogaron gidaje masu yawa a ƙauyukan gaɓa irin su Turawa.

To, ga yadda cinikin yake gudana. Masunci yakan kafa kallinsa da yamma, ya koma da asuba ya ɗebe abin da Allah ya ba shi, kafin kuwa kwalekwalensa ya taɓa gaɓa 'yan sari sun riga sun hallara da baburansu da kwandunansu. Galibi ba a ɗora kifin a sikeli. Da ido ake kimantawa, daro guda ko kwando guda, mai saye ya taya, masunci ya ce albarka, a ƙara kaɗan, a ja, har a kai ga sallama. Manyan kifaye sukan kama hanyar birni, zuwa kasuwar Galadima da makamantanta, inda ake da masu iya biya, ƙananan kuwa su ne ke saura a kasa su kashi-kashi a kasuwannin ƙauye, ko a soya a sayar ɗaiɗai.

A nan ne, masu sauraro, zuciyar maganar take. Manomin da ya girbe dawa yana da rumbu, idan kasuwa ba ta yi masa ba sai ya ajiye har farashi ya tashi. Amma masunci, wanda hajarsa ke fara lalacewa tun daga sa'ar da ta bar ruwa, musamman a zafin bazara, ba shi da ikon cewa a bari sai gobe, domin kifin da ya wuni ba ƙanƙara ba banda, ya tashi daga dukiya ya koma hasara. Mai saye ya san da haka, masunci ma ya san an sani. Saboda haka a cinikin kifi, wanda ke da halin jira shi ne ke yanke farashi, wanda ba shi da shi kuwa sai ya karɓi abin da aka ba shi.

Sa'an nan ga wani ɗauri na biyu, wato bashi. Sau da yawa komar da masunci ke aiki da ita, ko ma kwalekwalen, da kuɗin wani ɗan kasuwa aka saya, bisa sharaɗin cewa duk abin da aka kama shi za a kai wa; kuma ko da yake wannan taimako ne na haƙiƙa, tun da babu bankin da ke kallon masunci, duk da haka wanda ake bi bashi ba ya iya ɗaga murya a wajen ciniki, ribar da ba a ambata da baki ba sai ta ɓuya a cikin ragin farashi.

Amma adalci ya wajabta mu faɗi na ɗan sari shi ma, domin ruwa ba ya tsami banza. Shi ke biyan kuɗin mota, wanda ya yi tashin da kowa ya shaida tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Shi ke sayen ƙanƙara, ya biya la'adar dillali da kuɗin kasuwa. Idan kuma mota ta lalace a hanya, hasarar a wuyansa take shi kaɗai. Haka nan mai suya, man gyaɗa da itace da yaji duk daga cikin ɗan abin da take samu suke fita, abin da ya kwana kuwa ita ce za ta ci asararsa. Ke nan tazarar da ke tsakanin kuɗin sari da na ɗaiɗai, wani sashe nata haƙƙin wahala ne halattacce, wani sashe kuma ribar rashin ƙarfin masunci ce, aikin mai hankali shi ne ya rarrabe tsakaninsu.

Akwai kuma abubuwan da ke motsa farashi daga nesa. Da hunturu kamu yakan ragu, kifi ya yi tsada. Da azumi buƙata takan ƙaru. Bandar da ke zuwa daga Baga a gaɓar Tafkin Chadi, wadda rikicin Arewa maso Gabas ya daɗe yana gurgunta fataucinta, tana da tasiri a kasuwannin Kano. Kifin ƙanƙara da ake shigo da shi daga ƙetare yana bin darajar dala, alhali ƙididdigar gwamnati ta nuna ƙasar nan na buƙatar wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce sulusin haka da yawa ba. Tarwaɗar kiwo ita ma da kilo ake sayar da ita, kuɗinta na bin kuɗin abincinta.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar masu kawo haja a hanya kafin su san farashin kasuwa, ya kuma hana tayin ƙarya don a ruɗi mai saye. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana sayar da kifin da ke cikin ruwa saboda garari, watau rashin tabbacin abin da ake saye, malamai kuma sun halatta salam, watau biyan kuɗi kafin karɓar kaya, amma da sharaɗin a bayyana nau'i da awo da ajali.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan ruwa shi ne su haɗa kan masunta a ajiye sikeli a kowace gaɓa, a riƙa sanar da farashin birni kowace safiya ta wayar hannu. Masu ba da jari su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tare da masarauta, su taimaka da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana da ingantattun wuraren banda, domin ranar da masunci ya sami ikon ajiye kifinsa zuwa gobe, ranar ce zai fara ciniki da 'yancinsa. Ku kuma masu cefane, ku taya da adalci. Allah ya sanya albarka a sana'ar kowa.