Mayahi da Tasawa: abin da ya sa manhajar kariya ke hana firinta aiki a ofisoshin karkara

A ƙaramar hukumar karkara ta El Allassane Maïreyrey da ke gundumar Mayahi, kamar sauran ƙananan hukumomin da ke tsakanin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi, takarda ɗaya na iya cinye wa mutum wuni guda. Mai neman kwafin takardar haihuwa, ko ɗalibin da ke haɗa takardun jarrabawar BEPC, sai ya biya kuɗin kabu-kabu daga ƙauye, idan kuma aka ce masa injin ya ƙi fitar da takarda, to kuɗin hanya da aikin gonar ranar sun tafi a banza.

Yawanci akan ɗora laifin a kan firinta, ko tawada, ko rashin wuta. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika lura da shi ba: manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, wadda ake kira antibirus. Mai gadin da aka ɗauka don ya kori ɓarawo, shi ne wani lokaci ke hana mai gida shiga ɗakinsa.

Yadda manhajar ta yi ƙiba

A da, aikin antibirus guda ɗaya ne: ya duba fayiloli, ya kama mai cutar. A yau manyan kamfanoni irin su Avast, Norton, McAfee da Kaspersky suna sayar da kunshi ne mai ɗauke da katangar tsaro ta rezo, da mai sa ido kan shafukan intanet, da mai ajiye kalmomin sirri, da mai "share" kwamfuta, ga kuma tallace-tallace a nau'in da ake bayarwa kyauta. Kowane ɗaya daga cikinsu yana tashi ne tare da kwamfutar, yana cin nasa rabon na ƙarfinta.

Wasu abubuwan da ake cusawa ma ba su da alaƙa da tsaro. A shekarar 2021 Norton ya saka wa kunshinsa wani sashe na haƙo kuɗin intanet. A watan Fabrairun 2024 kuma hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 bisa sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta.

An ƙera waɗannan manhajoji ne da tunanin sabuwar kwamfuta da intanet da ba ya yankewa. A karkara kuwa, kwamfutar kan kasance tsohuwa, ta hannu ko wadda wani shirin tallafi ya bari, wutar ta hasken rana ce ko ta janareto, intanet ɗin kuma daga wayar ma'aikaci ake janyo shi. Ɗora irin wannan kaya a kanta kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Ta ina take tare firinta?

Hanya ta farko ita ce katangar tsaro. Idan ofis yana da firinta ɗaya da kwamfutoci biyu ko uku ke amfani da ita, saƙon buga takarda yana bi ne ta wasu ƙofofi masu lamba, kamar 9100, 631 ko 445. Manhajar kariya tana raba rezo gida biyu: na cikin gida da aka amince da shi, da na bainar jama'a, irin na tasha ko otel. Da zarar an sauya akwatin wifi, ko an haɗa kwamfutar da wata wayar daban, sai ta ɗauka baƙon wuri aka shiga, ta rufe waɗannan ƙofofi. Firinta lafiyarta ƙalau, fitilarta a kunne, amma kwamfuta na cewa ba ta gan ta ba.

Hanya ta biyu ita ce layin jira. Kafin takarda ta fito, Windows yana ajiye ta na ɗan lokaci a wani kundi. Manhajar kariya kan riƙe fayil ɗin don bincike, a kwamfuta mai rauni kuma binciken na iya daɗewa har layin ya cushe. Ma'aikaci ya sake danna umarni sau biyar, daga baya takardu biyar su fito a jere, a yi asarar takarda da tawada.

Ta uku ita ce zargin marar laifi. Ƙaramar manhajar da ke sada firinta da kwamfuta, musamman ta tsofaffin injina, wani lokaci akan ɗauke ta a matsayin cuta a killace ta. Irin wannan kuskure ba ƙananan ofisoshi kaɗai yake samu ba. A watan Afrilun 2010 wani sabuntawar McAfee ya ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutoci masu yawa suka tsaya cik. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, kuskuren kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta, har jiragen sama suka kasa tashi.

Akwai kuma al'adar tara antibirus biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, da zaton cewa yawa shi ne ƙarfi. Kowannensu na kallon ɗan'uwansa a matsayin abin zargi, su yi ta rububin fayil guda, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Mafi muni shi ne wanda wa'adinsa ya ƙare ko na jabu da aka kwafo a kasuwa: nauyinsa na nan, amma bai san sabbin cututtuka ba.

Kashe ta ba mafita ba ne

Idan jama'a sun yi layi a ƙofa, abu mafi sauƙi shi ne a kashe kariyar baki ɗaya. Nan take firinta za ta amsa, amma an buɗe ƙofar da ta fi haɗari. A yankunan da intanet ke da ƙaranci, takardu na yawo ne a kile USB, daga ofis zuwa shagon buga takardu na Mayahi ko Tasawa, su sake dawowa. Ta nan ne cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar alamunsu kawai take yaɗuwa. Ƙofa mai lamba 445 da ake buɗewa don raba firinta kuma, ita ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150, ciki har da asibitocin Ingila.

Abin da ke cikin kwamfutar ma'aikatar magajin gari, gidan likita ko makaranta ba na ma'aikaci ba ne: sunayen jama'a ne, ranakun haihuwa, bayanan marasa lafiya da sakamakon ɗalibai. Nijar na da hukuma ta musamman mai kare irin waɗannan bayanai, wato HAPDP, kuma nauyin kiyaye su yana wuyan ofishin da ya tattara su.

Abin da ofis zai iya yi

Matakin farko shi ne a bar manhajar kariya ɗaya tak. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, tsarin yana zuwa da nasa antibirus mai suna Defender, ba a biyan ko dala, kuma yana komawa bakin aiki da kansa idan aka cire na waje. Wajen cirewar, ya fi kyau a yi amfani da abin gogewa da kamfanin ya tanada, domin cirewa ta yau da kullum kan bar saura da ke ci gaba da tare rezo.

Na biyu, a nuna wa kwamfuta cewa rezon ofis na cikin gida ne, a ba firinta adireshi tsayayye da ba ya sauyawa duk lokacin da wuta ta ɗauke. Inda kwamfuta ɗaya ce kawai ke buga takardu, wayar USB ta fi wifi kwanciyar hankali. A kuma mayar da babban bincike zuwa lokacin da babu jama'a.

Na uku, rashin intanet ba hujja ba ce ta zama da tsohuwar kariya. Microsoft na fitar da fayil ɗin sabunta Defender da za a iya saukewa a gari mai rezo mai ƙarfi, a kawo shi a kile mai tsabta da aka ware don wannan aiki kaɗai. Haka nan a riƙa kwafe muhimman fayiloli a wani faifai na daban da ake ajiyewa a kabad.

Akwai matsalar da ta wuce saiti. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin tallafin yau da kullum na Windows 10 ma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Babu antibirus ɗin da zai toshe ramin da mai tsarin ya daina gyarawa. Don haka duk ƙaramar hukuma ko abokin hulɗar da ke shirin sayen kayan aiki, ya kamata ya sanya kuɗin kulawa da horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a cikin lissafi, domin kiran mai gyara daga Maraɗi a kan saitin minti goma ya fi horon tsada.