Gobara a Cikin Gida da Haƙƙin Yara a Kan Manya

Idan hunturu ya kama, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, iska ta bushe, zana da jinka da azara suka zama ƙiris suke jira, a lokacin ne labarin gobara kan yawaita a garuruwanmu. Kuma sau da yawa, idan aka bi diddigin masifar, sai a tarar ta faro ne daga wani abu ƙanƙane da babba ya bari ya tafi ya kwanta: kaskon garwashi na jin ɗumi, ko kyandir da aka manna a bakin kabad, ko maganin sauro a gefen katifa, ko hita da aka manta a cikin bokiti sa'ad da aka ɗauke wuta, aka maido ta kowa na barci.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta in za a kwanta. A wata ruwayar har aka ambaci ɓera da yakan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Saboda haka wanda ya bar garwashi a ɗakin 'ya'yansa, sa'an nan ya ce ƙaddara ce, ya saɓa wa umarni bayyananne, domin tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

Masana sun bayyana cewa wuta ba ta rayuwa sai abu uku sun haɗu, wato makamashi da zafi da iska, kuma da zarar an raba ta da ɗaya daga cikinsu sai ta mutu. Wannan shi ne dalilin da ya sa idan man gyaɗa ya kama a kaskon suya, uwargida ta kashe murhu ta kifa masa murfi, kada kuwa ta kuskura ta watsa ruwa, gama ruwan kan nutse ƙarƙashin man ya tafasa nan take, ya fesa harshen wuta a fuska da rufi. Haka nan wutar lantarki: a fara kashe ta daga mita. Iskar gas ta girki kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasa ta taru. Wanda ya ji warinta ya rufe kan tukunyar gas ɗin, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin da yara ke kwana. Tsoron ɓarayi ya sa mun ɗaure tagogi da ƙarfe, mun garƙame ƙofofi da kwado, har wata uwa takan kulle yara ta tafi biki da makulli a gefen zani, alhali a gobara hayaƙi kan kashe mutum kafin harshen wuta ya iso gare shi. Garwashi da janareta kuma suna fitar da wata guba marar launi marar wari, wadda in ɗaki a rufe yake, takan ɗauki rai mutum na cikin barci. Wajibi ne makulli ya kasance a wuri guda da kowa ya sani, inda hannun yaro zai kai ko a cikin duhu. Saurin wuta kuwa, mutanen Maraɗi sun gani a Nuwamban 2021, da azuzuwan zana suka kama a wata makaranta, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Yaro in ya firgita yakan ɓuya a ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure, musamman in shi ya yi wasa da ashanar, yana gudun duka. A koya masa tun yau cewa ya yi ihu ya fita, ya rarrafa a ƙasa inda hayaƙi bai yi kauri ba, kada ya koma ɗauko komai. In rigarsa ta kama, ya faɗi ya yi birgima maimakon gudu. Ƙuna kuma a zuba mata ruwan sanyi kamar minti 20, ban da manja da ɗanyen ƙwai da man goge baki, sa'an nan a nufi asibiti.

Ina roƙon kowane maigida, kafin ya shiga ɗakinsa daren yau, ya zaga gidansa ya kashe abin da ke ci, ya zare abin da ke jone, ya fitar da jarkar fetur nesa da makwanci, kuma ya rubuta lambar neman agaji a bango inda yara za su gani: 112 a Nijeriya, 18 ta 'yan kwana-kwana a Nijar.