Yadda Za Mu Kare Iyalanmu Daga Cizon Sauro

Da zarar damina ta kankama, sai asibitocinmu su cika da masu fama da zazzaɓin cizon sauro, galibinsu ƙananan yara da mata masu juna biyu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya suna Nijeriya ne. Saboda haka ya wajaba mu san halin sauro, domin mu san ta inda za mu tare shi.

Macen sauro ce take cizo, domin tana buƙatar jini kafin ta yi ƙwai. Irin da ke yaɗa zazzaɓin, wato Anopheles, yana cizo ne daga magariba zuwa asuba. Wannan ne ya sa kwana cikin gidan sauro mai magani ya fi kowace dabara amfani. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, a cusa gefunansa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a kuma ɗinke duk inda ya yage. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su ma su ɗaura.

Akwai kuma Aedes, mai yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengue, wanda yake cizo da rana. Kowannensu a ruwa yake ƙyanƙyasa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai yake zama sauro. Don haka mu cike ramukan da ruwa ke kwanciya, mu yashe magudanan ruwa, mu rufe randuna, mu kawar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi.

Muna kira ga mata masu juna biyu da su riƙa zuwa awo, inda ake ba da maganin rigakafi. Haka kuma iyaye su karɓi maganin da ma'aikatan lafiya suke raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina.

Idan yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a gwada jininsa kafin kwana ɗaya ya wuce. Tun shekarar 2005 Nijeriya ta sauya kulorokwin da magungunan ACT, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. A shanye maganin duka na kwana 3, ko da jiki ya yi sauƙi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.