Iskar Da Ke Kashe Gobara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwana na Gwarzo da Kabo bayanin wata dabara ta kashe gobara ba da ruwa ba.

A shekarar 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2020 kuma ta kama ofishin Babban Akanta na Ƙasa a Abuja. Mu akawuna mun san abin da ke cikin irin ofisoshin nan: takardun albashi, da na filaye, da na shari'ar gado, da kwamfuta. Ko an zo da ruwa a kan lokaci, abin da wuta ta rage ruwa ya lalata.

Ga yadda dabarar take. Wuta ba ta ci sai da abu uku: makamashi, da zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Akan ajiye tukwanen ƙarfe cike da wata iska, a ja bututu zuwa rufin ɗaki, a kafa na'urori masu jin hayaƙi. Da sun ji, sai ƙararrawa ta kaɗa, a ba mutane ɗan lokaci su fita, kana iskar ta feso da kanta, ko da tsakar dare ne ba kowa. Irin ta naitrojin da argon takan rage oksijin zuwa ƙasa da kashi 15, wuta ta mutu. Irin da ake kira FM-200 kuwa zafin take ɗaukewa, cikin daƙiƙa 10 ta gama fita. Takarda ba ta jiƙe ba, kwamfuta ba ta lalace ba.

Amma fa a lura da abu uku. Na fari, iskar kabon-dayoksaid tana kashe wuta, tana kuma kashe mutum, saboda haka ba a sa ta inda ma'aikata ke zama. Na biyu, iskar halon da aka yi yayinta a da, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa an daina yin ta, domin tana ɓata rufin ozon na sama. Wanda ya kawo muku ita da araha, ku tambaye shi dalili. Na uku, lalle ɗakin ya riƙe iskar wajen minti 10. In taga tana buɗe, yadda muka saba saboda zafi, an yi asarar kuɗi. Don haka ba ta da amfani a rumfar kasuwa ko rumbun dawa.

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumominmu biyu ita ce, kowa ya ware ɗaki guda na ajiyar takardu, a toshe kafofinsa, a sa masa iskar nan da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke lantarki, a kuma riƙa duba tukwanen akai-akai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa tun hunturu bai shigo ba.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Gwarzo.