Daga Aljihu Zuwa Waya: Yadda Tiransifa Ta Sauya Ciniki a Dutse da Kewaye

Kafin shekarar 2023, ɗan kasuwar da zai tashi daga Dutse zuwa kasuwar Shuwarin ko ta Sara don awon riɗi ko gero, da damin kuɗi yake fita, an ɗaure da roba an cusa a aljihun ciki. Yau da yawansu waya kawai suke dubawa ko tana da caji. Mai shayi a Takur ya manna lambar asusunsa a jikin tebur, mai kayan miya ya haddace tasa, ɗan acaɓa ma in babu canji sai ya ce a tura masa. Sauyin ya zo da sauri, kuma ba sha'awa ce ta kawo shi ba.

Tushensa canjin kuɗi ne. A ƙarshen Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara kwana goma. Aka kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane, wasu masu POS kuma suka koma sayar da naira da naira. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, amma kafin nan wanda bai taɓa buɗe asusu ba ya buɗe, wanda ya rantse ba zai karɓi kuɗin da bai gani da ido ba ya karɓa.

Da wahalar nan ce kaɗai dalili, da kuɗi na dawowa kowa zai koma gidan jiya. Abubuwa da dama suka hana. A makonnin da manhajojin manyan bankuna ke tsayawa, OPay da Moniepoint da PalmPay suna tura kuɗi nan take, kuma buɗe asusu a wurinsu ba ya bukatar shiga layi. Rassan bankuna a wannan yanki sun taru ne a Dutse da ɗaiɗaikun manyan garuruwa, mutumin ƙauyen Miga ko Buji sai ya hau mota, ga shi cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa kuɗin motar ya tashi. Sai tsadar kaya: babbar takardar kuɗinmu har yanzu naira 1000 ce, wadda ta fito tun 2005, don haka mai sayen riɗi mota guda sai ya yi dakon kuɗi a buhu, ya zauna ƙirga, ya kuma yi fargabar hanya. Dutse kanta garin albashi ce tun da ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta kawo ɗalibai daga ko'ina, waɗanda iyayensu ta banki suke aiko musu. Masu saye sun daɗe da shiri, masu sayarwa ake jira.

Abin dariya a nan shi ne Jigawa ta riga jihohi da yawa mafarkin fasahar zamani. Zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, aka yi ta maganar intanet tun mutane ba su san amfaninta ba. Amma da fasahar ta tashi shiga kasuwa da gaske, ta teburin mai shayi ta biyo.

Inda sauyin ya fi yin tasiri, a ganina, shi ne tsakanin maigida da yaron shago. Tsohon tsari amana ce zalla. Yaro ya yini yana ciniki, da yamma ya miƙa abin da ke cikin durowa, maigida ya ƙirga, in zuciyarsa ta kwanta shi ke nan. Bayan shekaru a sallami yaro da jari. Da tiransifa ta shigo, shaguna da yawa sun faɗa wani rami ba su sani ba: mai saye ya ce zai tura, maigida ba ya nan, sai yaro ya ba da lambar asusunsa na kansa. Kuɗin shago ya haɗu da na katin waya da wanda yayarsa ta turo masa ya ajiye mata. Ko yaron waliyyi ne, ranar lissafi sai an yi gardama, kuma irin wannan gardama tana raba mutanen da suka shekara goma tare. Maganin ba shi da tsada. Shago ya sami asusu guda da sunansa, ko na'urar POS wadda kowane ciniki ke bayyana a wayar maigida ko yana Kantin Kwari a Kano yana saro kaya, a kuma kafa doka cewa kaya ba sa fita sai kuɗi ya bayyana a asusun shago. Hoton rasit da mai saye ke nunawa a wayarsa ba shaida ba ne, domin ana ƙirƙirar na bogi, haka ma saƙon alat.

Wannan ya sauya irin yaron da ake nema. Da ana tambayar ɗan gidan wa ne, yanzu an ƙara da ko ya iya karatu, ko zai iya gwada abin da littafi ya ce da abin da asusu ya nuna kafin a rufe shago. Akwai rashin adalci a ciki, don yaro mai gaskiya da bai yi boko ba yana iya komawa ɗaukar kaya, wanda ya zo jiya ya zauna a kan tebur. Maigidan da ya san darajar tsohon yaronsa gara ya sa a koya masa, abin bai kai wahalar da ake zato ba.

Sai sana'ar POS kanta, wadda ta zama mafakar matasan da suka gama jami'a ko kwalejin fasaha ta jiha, suka yi bautar ƙasa, suka dawo ba aiki. Lema da tebur da na'ura da ɗan jari, an fara. Sauƙin shigar ne kuma ya zama matsalarta: a bakin titi ɗaya sai ka ga lema kusa da lema, kowa yana rage caji don ya ja mutane. Tsabar kuɗin da za a ba masu cirewa sai an nemo a gidajen mai da wurin manyan 'yan kasuwa, wani lokaci da la'ada. Ga jabun kuɗi, ga cinikin da na'ura za ta ce bai shiga ba alhali an zare wa mutum kuɗinsa, a tsaya ana cacar baki. Hukuma ma ta matso. A 2024 aka umarci masu POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. A Disambar shekarar Babban Banki ya ƙayyade abin da mutum ɗaya zai cira a wurinsu zuwa naira 100,000 a rana, a watan kuma aka fara cire harajin naira 50 a kan turin naira 10,000 zuwa sama a asusun OPay da Moniepoint da ire-irensu, kamar yadda ake yi a bankuna. Babban abin da ya kamata mai lema ya lura da shi shi ne, duk ranar da wani mai nama ko mai gawayi ya fara karɓar tiransifa, an rage masa mai cire kuɗi guda. Sana'ar tsani ce, ba ɗaki ba. Abin da ya cancanci a fita da shi daga cikinta shi ne iya lissafi da sanin 'yan kasuwa, domin manyan shaguna da dillalan hatsi da kantunan magani suna bukatar wanda zai riƙe musu littafi, kuma irinsa bai yi yawa ba.

Ga mai shago kuwa, riba mafi girma ita ce tarihin cinikin da asusu ke tarawa. Kamfanoni irin Moniepoint da shi suke duba wanda za su ba rance, ko da yake da yawa a nan suna gudun bashi mai ruwa, sai dai su nemi bankunan da ba sa harkar ruwa kamar Jaiz. Ko ba don rance ba, tarihin yana sauƙaƙa fitar da zakka, yana kuma kashe rigimar gado idan ta Allah ta kasance. Amma asusu shigar kuɗi yake nunawa, ba riba ba. Wanda ya ga miliyan a waya ya manta cewa rabinta ta mai kaya ce a Kano, zai ci uwar kuɗi yana ganin yana samu. Kuɗin waya kuma ba ya ɓuya: da can kana iya cewa ka bar kuɗi a gida, yanzu ɗan'uwa ya san suna aljihunka ko tsakar dare ne. Shi ya sa raba asusun gida da na sana'a ya fi sayen sabuwar na'ura muhimmanci.

Matan da ke sana'a a cikin gida sun samu. Mai turaren wuta ko dambun nama ta ɗora hoto a WhatsApp, a turo mata kuɗi kai tsaye, ba sai ta bi ta hannun yarinyar talla ba.

Wanda bai samu ba shi ne manomi. Ya kawo riɗinsa Shuwarin, dillali ya ce zai tura, shi kuwa a ƙauyensu mai taki da 'yan ƙwadago da mai niƙa tsaba suke so, sabis ma sai an hau tudu, wutar cajin waya sai an je shagon mai sola. Dole ya tsaya wurin mai POS ya cire, cajin kuma daga kuɗin amfanin gonarsa ake zara, a kan kowane ciniki. Dattijai da yawa katin bankinsu suke miƙa wa mai POS, su faɗi lambar sirrin da baki a gaban jama'a. Dillalin da ya zo da tsaba a ranar kasuwa yana iya taya buhu ƙasa da na mai turawa, manomi kuma ya sallama masa.